Hannu Na Uku, Jiki Na Biyu: Daga Wane Jari Za A Biya?

Duk wanda ya taɓa tsaron shago shi kaɗai ranar jajibirin salla ya san hannu biyu sun yi wa ɗan kasuwa kaɗan. Ɗaya na karɓar kuɗi, ɗaya na miƙa kaya, waya na maƙale tsakanin kunne da kafaɗa direba na faɗa maka an tsare mota a boda, ga wani can yana buga kanta wai shi ya riga kowa zuwa. Mu kuwa da neman abinci ya kawo mu ƙasashen mutane, ba hannu kaɗai ba, jikin ma guda ɗaya ya yi mana kaɗan. Kana Kumasi ana sauke kayanka a tashar jiragen ruwa ta Lome, ana ɗaurin auren ƙanwarka a gida, ga tsohuwa ba ta jin daɗi tana ta tambayar yaushe za ka zo.

Kakanninmu fatake masu bin hanyar Gwanja, da mutane suka warware wannan matsala. Maigida a zango, dillali a kasuwa, ɗan'uwa a wannan gari, yaro a wancan. Har yau a kan haka muke. Kowane yaron shago hannu ne ka ƙara, kowane wakili jiki ne ka ajiye a inda ba ka nan. Sai dai yaro yana da nasa cikin da nasa burin, wata rana kuma dole ka sallame shi ya kama nasa.

To yanzu ga wasu masana a Amurka da Ingila da Japan da Suwizalan sun duƙufa kan wata hanya daban. So suke a haɗa ƙwaƙwalwar mutum da na'ura kai tsaye, ya riƙa motsa hannun ƙarfe na uku, ko ma mutum-mutumi sukutum da ke wani gari, da tunani kawai, kamar yadda yake motsa yatsunsa. Da jin haka ɗan kasuwa zai ce abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Na jima ina bibiyar labarin nan a waya da dare bayan na rufe shago, ɗana da ke karatu yana warware mini inda Turanci ya yi tsauri. Tambayar da nake bin sa da ita kuwa ita ce wadda nake yi wa duk wanda ya zo mini da shawarar buɗe sabon reshe: daga wane jari za a biya?

Bari mu fara da yadda abin yake aiki. Ƙwaƙwalwa da lantarki take magana. A cikinta akwai ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kowace na fitar da ɗan tartsatsin wuta tana aika wa 'yan'uwanta. In ka yi niyyar ɗaga hannu, wani yanki da ya gangaro daga tsakar ka zuwa saitin kunne shi ke shirya saƙon, ya bi ta laka, ya shiga jijiyoyi, ya isa tsoka. Mutumin da lakarsa ta tsinke a haɗarin mota, saƙon na nan yana fitowa kullum. Gada ce ta karye, kaya na nan jibge a mota.

Hanya biyu ake bi a saurari saƙon. Ta farko hula ce mai wayoyi da ake kifa wa mutum a ka, ba yanka ba jini, kuma tsohuwar dabara ce, don tun 1924 wani likita Bajamushe, Hans Berger, ya fara auna wutar ƙwaƙwalwar ɗan Adam. Matsalarta, kamar ka tsaya ne a bayan katangar babbar kasuwa. Za ka ji gunji, ka san ko kasuwa ta cika ko ta watse, in an yi ihun ɓarawo ma za ka ji, amma ba za ka taɓa jin nawa aka taya turmin atamfa a rumfar wane ba. Hanya ta biyu sai an buɗe ƙoƙon kai a dasa wani ɗan faranti, faɗinsa milimita huɗu, kamar ƙwayar dawa, mai 'yan allurai kusan ɗari. Wannan kamar ka shiga ka zauna a layi ɗaya ne kana jin cinikin rumfuna ɗari tiryan-tiryan. Daga nan kwamfuta ke zama tafinta. A ce wa mutum ya raya a ransa yana kai hannu dama, ta rubuta irin tartsatsin da ya fito, ya raya hagu, ta rubuta, a yi ta maimaitawa har ta gane yarensa ta fara juya hannun ƙarfe yadda ya nufa.

Waɗanda aka fara yi wa wannan aiki ba masu neman ƙari ba ne, waɗanda suka rasa ne. Wata Ba'amurkiya mai suna Cathy Hutchinson ciwon shanyewar jiki ya kwantar da ita a 1996, ba hannu, ba ƙafa, ba magana. A watan Afrilun 2011, a gwajin da ake kira BrainGate, ta sa hannun ƙarfe ya ɗauko gorar kofi daga kan tebur, ya kawo mata baki, ta tsotsa da tsinke, ya mayar. Sau shida ta gwada, huɗu ta dace. Rabonta da ta shayar da kanta wani abu kusan shekara 15 ke nan. Wanda bai taɓa jinyar mai irin wannan lalura ba zai ce kurɓin kofi kawai? Ni akwai direban da ya shekara yana ɗaukar mini kaya zuwa arewa, mota ta kife da shi a hanyar Tamale, yau shekara shida yana kwance. In na je gaishe shi, ya fi ni sanin kuɗin dizal a kowane gari, ya san wace boda ta yi zafi wace ta yi sanyi, kansa garau. Amma in ƙuda ya sauka a goshinsa sai ya kira yarinya. Shi kam ya san darajar kurɓin nan.

Bayan ita akwai Nathan Copeland, wanda haɗarin mota ya karya wa wuya a 2004 yana ɗan shekara 18. Shi a Jami'ar Pittsburgh aka ƙara masa wani abu: an dasa masa allurai har a yankin da ke jin taɓi, don in yatsan ƙarfen ya taɓa abu saƙo ya dawo masa ya ji. A 2016 ya gaisa da Shugaba Obama da wannan hannu. Da aka auna, aikin ɗaukar abu a ajiye shi da ke cin sa daƙiƙa wajen 20 da ido kaɗai, ya koma wajen 10 da aka kunna masa jin taɓin. Wannan lissafi ya zauna mini, don mu ma ai da yatsa muke ƙirga kuɗi muna hira, ido na wani wuri. Sai kuma Noland Arbaugh, mutum na farko da kamfanin Neuralink na Elon Musk ya dasa wa tasa na'urar a Janairun 2024, mai zare 64 sirara da suka fi gashi laushi. Ya riƙa buga wasan dara irin ta Turawa a kwamfuta da tunani. Bayan 'yan makonni mafi yawan zaren suka zame daga inda aka soka su, sai da injiniyoyin kamfanin suka sake tsarin tafintan kafin abu ya daidaita.

Duk waɗannan, in ka lura, rumfa ce da ta zauna babu kowa aka saka wa ɗan haya. Yankin ƙwaƙwalwar da ke kula da hannu yana nan, ba shi da aikin yi, aka ba shi hannun ƙarfe ya ci gaba da abin da ya saba. Mai lafiya fa, wanda hannuwansa biyu suna kan aiki? Shi rumfunansa duk a cike suke. In aka liƙa masa hannu na uku, dole umarninsa ya fito daga wani wuri, kuma wurin nan yana da aikin da yake yi tun farko. Nan ne maganar ta yi nauyi, nan kuma masanan suka fi shan wahala.

A 2018 wasu masu bincike biyu a cibiyar ATR da ke yankin Kiyoto a Japan, Christian Penaloza da Shuichi Nishio, suka gwada abin gaba da gaba. Suka zaunar da mutum 15 masu lafiya, kowa da hular wayoyi, ga hannun ƙarfe a gefen kujera kamar daga jikinsa ya fito. Aka ba kowa faranti da ƙwallo a kai, ya riƙe da hannu biyu yana juya ƙwallon kada ta faɗi, a lokaci guda kuma ya umarci hannun ƙarfen da tunani ya kama kwalba. Mutum takwas suka iya sosai. Bakwai kuwa kusan rabi suke dacewa rabi su kuskure. Kuma fa umarnin bai wuce kama da saki ba, ba ɗinki aka ce su yi ba, ba ƙirgen canji ba. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Gwajin nan ya nuna wasu na iya taunawa, in taurar ta biyun 'yar mitsitsiya ce.

Wanda ya fi burge ni cikin ayyukan nan shi ne mafi ƙanƙanta, kuma ko taɓa ƙoƙon kai ba a yi. Wata mai zanen kayayyaki, Dani Clode, ta ƙera babban yatsa na roba tun tana ɗaliba a Landan. Ana ɗaura shi a gefen tafin hannu, kusa da ƙaramin yatsa, ya zama kana da babban yatsa biyu suna fuskantar juna. Da me ake motsa shi? Da manyan yatsun ƙafa. Akwai 'yar na'ura mai jin matsi a ƙarƙashin kowanne. In ka danna na dama, yatsan robar ya ratso tafin hannu, in ka danna na hagu ya ɗago wajen sauran yatsu, gwargwadon ƙarfin dannawa gwargwadon motsi. Wato dai an je an ciyo bashi a ƙafa an kawo wa hannu.

Wata farfesa mai nazarin ƙwaƙwalwa, Tamar Makin, ta ɗauki yatsan nan ta ba mutum 20 suka yi kwana biyar suna horo da shi, suna tafiya da shi gida, kowa na sawa awa biyu zuwa shida a rana. An buga sakamakon a 2021. Mutanen sun ƙware da wuri. Suna kwasar ƙwallaye da yawa ko kofunan gilashi da hannu ɗaya, suna jera 'yan katakai da shi alhali ana yi musu tambayar lissafi, wasu ayyukan ma da ido a ɗaure. Daga baya, a wani baje kolin kimiyya a Landan a 2022, aka ba jama'ar gari mutum 596 suka gwada, daga ɗan shekara 3 har mai shekara 96. Mutum huɗu kaɗai suka kasa, kuma kashi 98 cikin ɗari sun fara sarrafa abu da shi tun a minti na farko. Ka ji fa, har dattijo mai shekara casa'in da ɗoriya.

Amma ga inda aka ga kuɗin ruwan bashin. Da aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar waɗancan mutum 20 kafin horo da bayansa, sai aka tarar wani abu ya sauya. A al'ada kowane yatsa yana da tasa alamar a ƙwaƙwalwa, ta manuni daban, ta ɗan tsakiya daban. Bayan kwana biyar kacal alamomin sun fara kusantar juna, bambancinsu ya ragu, alhali a lokacin ɗaukar hoton ba su sanye da yatsan robar. Da aka sake duba wasu daga cikinsu bayan mako guda da ajiye shi, abin ya fara komawa yadda yake. Wannan na kwana biyar ne. Tela ko maƙeri ko mai gyaran waya da zai sa irin wannan awa takwas kullum shekara da shekaru, ƙwarewar yatsunsa na asali ita ce jarinsa, kuma daga cikinta ake ɗiba. Su kansu masu binciken sun ja hankali kan wannan, ba su ɓoye ba. Ga ƙafar ma da aka ci bashinta: mai danna yatsan ƙafa don ya riƙe kofi, da wace ƙafar zai taka birki?

Mu Hausawa ba baƙi ba ne ga yatsa na shida, tunda har suna muke da shi, Cindo. Likitoci sun ce haihuwar yaro da ƙarin yatsa ta fi yawa a cikin baƙar fata fiye da Turawa. Galibin namu ɗan tsiro ne a gefen ƙaramin yatsa, sau da yawa ba ƙashi, shi ya sa tsofaffi ke ɗaure shi da zare ya bushe ya faɗi. Amma akwai wani iri daban. A 2019 masana daga Jamus da Ingila da Suwizalan suka yi nazarin wata uwa mai shekara 52 da ɗanta mai 17, waɗanda aka haifa da cikakken yatsa tsakanin babban yatsa da manuni. Aka tarar yatsan na da tsokarsa, da jijiyoyinsa, da nasa gurbin a ƙwaƙwalwa, yana motsi ba ruwansa da sauran. Da hannu ɗaya ake ɗaure igiyar takalmi a gidan nan. Wannan ya tabbatar wa masana cewa ƙwaƙwalwar ɗan Adam na iya riƙe fiye da yatsa biyar ba tare da ta rikice ba. Sai dai su da shi aka haife su, tun suna jarirai aka yanka wa yatsan filinsa. Kai da za a liƙa wa kana da shekara arba'in, an riga an gama rabon fili.

Saboda haka yanzu neman da ake yi shi ne ina ne a jiki akwai ɗan jarin da ke kwance ba a juya shi. A Lozan ta Suwizalan, ƙungiyar Farfesa Silvestro Micera ta gwada numfashi. Aka ɗaura wa mutane ɗamara a ciki mai auna motsin tantanin nan da ke tsakanin ƙirji da ciki, wanda muke jan iska da shi. Da motsinsa ake tura hannu na uku gaba ko a janyo shi, ido kuma ya nuna inda za shi. Mutum 61 aka gwada, aka buga sakamakon a ƙarshen 2023, kuma an ga suna iya yi suna magana suna aiki da hannuwansu biyu. Har tsokar kunne suna dubawa, irin wadda jaki ke kaɗa kunne da ita, mu kuma muna da ragowarta ba ma amfani da ita. Na yi dariya da na karanta, amma in an bi ta lissafi sun yi daidai. Kuɗin da ke ƙarƙashin katifa ake fara ɗauka kafin a taɓa na cikin kaya.

In hannu ɗaya na ƙari ya ba da wannan wahala, ina ga jiki guda, balle goma?

Nisa dai ba shi ne matsala ba, an daɗe da wuce nan. A Janairun 2008, a ɗakin binciken Miguel Nicolelis, ɗan Birazil da ke Jami'ar Duke a Amurka, aka sa wata biranya mai suna Idoya tana tafiya a kan injin motsa jiki, aka aika saƙon ƙwaƙwalwarta ta intanet zuwa Kiyoto, wani mutum-mutumi da ya ninka ta nauyi sau da yawa ya riƙa taka ƙafa daidai da ita, tana kallonsa a allo. Da aka tsayar da injin ta tsaya cak, mutum-mutumin ya ci gaba da tafiya na 'yan mintuna, don a ranta ba ta daina ba. Masu kallon ƙwallo kuma wataƙila sun tuna buɗe gasar cin kofin duniya ta 2014 a Birazil, inda wani matashi da ƙafafunsa suka shanye, Juliano Pinto, ya taɓa ƙwallon farko yana sanye da rigar ƙarfe da hular wayoyi. Aikin mutumin nan ne shi ma, ko da yake talabijin daƙiƙa kaɗan ta nuna ta wuce. A 2018 kuma wani jami'in DARPA, hukumar binciken soja ta Amurka, ya faɗa a bainar jama'a cewa mai shanyayyen jiki ya sarrafa jiragen sama har uku da ƙwaƙwalwa, amma na cikin kwamfuta, ba na sararin sama ba.

Japan ce ta fi kowa buɗe baki. A 2020 gwamnatinta ta sa wa kanta buri a rubuce: zuwa 2050 mutum ya kuɓuta daga ƙangin jiki da wuri da lokaci, zuwa 2030 kuma mutum ɗaya ya iya tafiyar da wakilan ƙarfe fiye da 10 a kan aiki guda. Dalilinsu a fili yake, tsofaffi sun yi yawa, haihuwa ta ragu, masu aiki na ƙarewa. Amma in ka bi yadda ake shirin yin abin, ba wai mutum zai riƙa ɗaga ƙafar kowane ɗaya cikin goman da tunaninsa ba ne. Kowane mutum-mutumi za a ba shi nasa ɗan wayon ya yi tafiyarsa, ya yi aikin da ya saba, sai in ya ci karo da abin da ya fi ƙarfinsa ya kira maigida. To, Alhaji, me aka yi ke nan? An dawo kan yaron shago. Mai rumfa biyar ya san ba ya zama a biyar ɗin, zagayawa yake, kuma inda hankalinsa ya bari nan ake yin ɓarna. In uku suka kira a lokaci guda, biyu za su jira. Zuwa da kai ya fi aike, ko da ɗan aiken na ƙarfe ne.

Inda na ga jiki na biyu ya yi amfanin da ba gardama, nan ma wajen waɗanda na farkon ya gaza musu ne. A unguwar Nihonbashi ta birnin Tokiyo akwai wani gidan shan shayi mai suna Dawn da aka buɗe a 2021. Masu kai wa baƙi abin sha 'yan mutum-mutumi ne da ake kira OriHime, amma ba su ke tafiyar da kansu ba. Kowanne akwai mutum a bayansa, yana kwance a gida ko a gadon asibiti a wani gari, yana gani ta kyamara, yana magana da muryarsa, yana juya shi da yatsa, wanda yatsan ma ya mutu kuma da ƙwayar ido. Ana biyansu albashi. Wanda ya kafa kamfanin, Kentaro Yoshifuji, shi kansa ya yi shekaru yana yaro a ɗaki ba ya zuwa makaranta, kaɗaicin da ya sha ne ya sa shi a wannan hanya. Babu allura a ƙwaƙwalwa a nan, intanet ce da kyamara da lasifika. Ko da na gani, direban nan nawa ne ya faɗo mini a rai. Mutumin da ya san hanya daga Kumasi har Yamai kamar tafin hannunsa, ya iya magana da jami'an boda cikin harshe huɗu, da zai samu ido da murya a tasha, wallahi da ya ci abincinsa da sana'arsa, ba sai an tara masa a masallacin zango ba.

Sai kuma a duba su wa ke zuba kuɗi a ɓangaren ƙari. A jami'ar MIT, Farfesa Harry Asada ya ƙera hannuwan da ake goyawa a kafaɗa ko a ƙugu, su tallafe faranti a sama yayin da ma'aikaci ke ɗaure kusoshi da nasa hannuwan, kuma kamfanin jiragen sama na Boeing na cikin waɗanda suka ɗauki nauyin aikin. Aikin mutum biyu ya koma na mutum ɗaya. Ni ɗan kasuwa ne, na san daɗin wannan lissafi in ni ne mai biyan albashi. Na kuma san wanda aka goya wa hannu huɗu da wuya a ninka masa lada, na biyun da aka sallama kuwa yana da iyali. Mu da yawancinmu da dako ko tsaron rumfar wani muka fara a baƙon gari, ya kamata mu san ta wane gefen muke kallon abin. Akwai kuma maganar abin da na'urar ke karantawa a kan mutum, wa ya mallake shi, wa zai iya sayar da shi. Ƙasar Chile tun 2021 ta gyara tsarin mulkinta don kare bayanan ƙwaƙwalwar 'yan ƙasarta.

Sana'ata kayan gyaran janareto da injin ban ruwa ce, don haka tambayata ta ƙarshe ga kowace na'ura ɗaya ce: in ta lalace, ina kayan gyaranta, wa zai kwance ta? Wannan ba zato ba ne, ya riga ya faru. Wani kamfanin Amurka mai suna Second Sight ya dasa wa makafi fiye da 350 wata na'ura a ido, Argus II, mai sa su ga haske da inuwar abubuwa, kuɗinta kaɗai wajen dala dubu 150 ban da tiyata. A 2019 kamfanin ya daina yin ta, a 2020 ya kusa rushewa ya sallami yawancin ma'aikatansa. Mutane suka wayi gari da ƙarfe a ido, babu tabbacin gyara, babu sabon tsari, wasu sai neman tsofaffin kayan wasu suke yi su musanya. Cathy da Nathan da Noland kuwa ba saya suka yi ba, a gwajin bincike aka dasa musu, da ayarin injiniyoyi a bayansu. Don haka iyalin da ke da majinyaci a gida, in wani ya turo muku tallar hular da wai za ta tayar da shanyayye a WhatsApp, ku riƙe kuɗinku ku kai shi wajen likitan gashin ƙashi.

A nan Kumasi, in injin ya mutu kuma kamfaninsa ya daina yin kayansa, sai mu ɗauka mu nufi Suame, inda maƙera za su auna tsohon ƙarfen su fiƙe maka sabo kafin la'asar. Abin da aka dasa a cikin ƙoƙon kai ba ya zuwa Suame. Tsarin da ke tafiyar da shi a kulle yake a kwamfutar kamfani, cire shi kuma wata tiyatar ce daban, mai nata kuɗin da nata haɗarin.